Neman Awa A Babbar Kwamfuta: Layin Da Masu Binciken Ruwan Shari Ke Bi

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamba na 2022 kogin Shari ya cika har ya haura mita 8 a nan Njamena, ruwa ya ci unguwanni irin su Waliya, wasu daga cikin waɗanda suka rasa muhalli aka tsugunar da su a nan Milezi. Duk ɗan kasuwar da ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri da albasa ko busasshen kifi ya san abin da ake nufi idan hanya ta yanke: kaya su ruɓe a mota, kuɗin haya ya ninka. Shi ya sa muke ganin ya kamata mu san inda hasashen ruwa ke fitowa.

Ruwan Shari daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya yake gangarowa, na Logon kuma daga tsaunukan Adamawa, su haɗu a bakin garinmu. Lissafa yadda iska da girgije da ruwan ƙasa za su kasance a faɗin wannan yanki ya fi ƙarfin kwamfutar ofis. Sai babbar kwamfuta, wato dubban injuna da aka haɗa a ɗaki guda suna aiki tare. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da tata mai suna Lengau a 2016, Maroko ta buɗe Toubkal a 2021, Kodebuwa da Senegal su ma sun sayi nasu. To amma ba a shiga a zauna haka kawai. Neman lokaci ake yi, kamar yadda ake neman rumfa wajen sarkin kasuwa.

Abin da ake rabawa shi ne awa. Kowane inji yana da ƙananan ƙwaƙwale a cikinsa, kuma idan mai bincike ya sa ƙwaƙwale 1,000 aiki na awa 10, to ya ci awa 10,000 ke nan daga rabonsa. Bari mu ɗauki Faransa misali, tunda da ita jami'o'inmu suka fi hulɗa. Hukumar GENCI, wadda aka kafa a 2007, ita ke raba lokacin manyan injunan ƙasar, ciki har da Jean Zay da ke kusa da Paris. Mai ƙaramar buƙata, wadda ba ta wuce awa 500,000 ba, yana iya miƙa takardarsa a kowane lokaci na shekara. Kada mai karatu ya raina wannan "ƙaramar": kwamfutar cinya mai ƙwaƙwale 4 sai ta yi kusan shekara 14 ba dare ba rana kafin ta gama aikin. Mai babbar buƙata kuwa sai ya jira a buɗe ƙofa, sau biyu a shekara.

A cikin takardar zai bayyana tambayar da yake son warwarewa, da yawan awannin da yake nema, da dalilin wannan adadi. Inda da yawa ke faɗuwa shi ne hujjar cewa manhajarsa ta iya raba aiki: idan an ƙara mata ƙwaƙwale, saurinta na ƙaruwa? Wanda ya ɗauki 'yan dako 100 alhali ƙofar sitonsa mutum biyu take ɗauka, ɓarnar kuɗi ya yi. Kwamitin masana ne ke duba takardun, ya ba wani duka, ya rage wa wani, ya hana wani. Rabon na shekara guda ne, ba a biyan ko sisi, amma da sharaɗin a wallafa sakamakon kowa ya gani, a kuma kawo rahoto kafin a sake nema. Bugu da ƙari, ko an samu awannin, kowane aiki sai ya shiga layi har inji ya samu sarari.

Ga inda gizo ke saƙar. Jagoran da zai sa hannu a takardar dole ya kasance yana ƙarƙashin wata cibiya ta Faransa. Malami daga tsangayar kimiyya ta Jami'ar Njamena da ke Farsha, maƙwabtanmu, zai shiga ne a matsayin ɗan tawaga, kuma a ganinmu wanda ya riƙe alƙalami shi ke zaɓen tambayar da za a bincika, ko ta Shari ce ko ta wani kogin. Dalili ke nan da cibiyoyin yankinmu suke da muhimmanci, irin su AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 da ACMAD, waɗanda ke tara masana kafin damina su fitar da hasashen ruwan sama da na cikar koguna, wanda mu kuma muke karanta muku a rediyo.