Jarida da Dandali a Bayan Waya Mai Ƙaya

A watan Yunin 1944, lokacin da sojojin Amurka ke gwabza yaƙi a Faransa da tsibiran tekun Fasifik, wasu ɗaliban sakandare a wani kwari mai ƙura na jihar Kalifoniya sun duƙufa kan haddar waƙoƙin wasan kwaikwayo. Sunan wasan Loud and Clear, malaminsu na kiɗa Louis Frizzell ne ya rubuta shi, kuma an yi shi ne a sabon zauren taro da mutanen wurin suka gina da hannunsu. Da masu wasan da yawancin 'yan kallo, duk a tsare suke. Sunan wurin Manzanar.

Asalin abin shi ne harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941. Ranar 19 ga Fabrairu, 1942, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a doka mai lamba 9066, wadda ta buɗe ƙofar kwashe mutane kusan 120,000 masu asalin Japan, aka zuba su a sansanoni goma. Kashi biyu bisa uku haifaffun Amurka ne, ba a kuwa gurfanar da su gaban alƙali ba. Manzanar kaɗai ya ɗauki fiye da 10,000, a dogayen ɗakunan katako da aka lulluɓe da takardar kwalta, ga waya mai ƙaya, ga hasumiya takwas ta masu gadi.

Da aka buɗe makaranta a ƙarshen 1942, babu isassun kujeru balle littattafai, yara da yawa a ƙasa suke zama. Ba a jima ba kuma sai ga makarantar ta tsaya da ƙafarta kamar kowace sakandare a ƙasar: majalisar ɗalibai, ƙungiyar mawaƙa, 'yan ƙwallo, 'yan wasan kwaikwayo, da jaridar ɗalibai mai suna Campus Pepper. Manya ma suna da tasu, Manzanar Free Press, wadda ta fara fita a Afrilun 1942. Sunanta yana nufin jarida mai 'yanci, alhali idon hukumar sansanin yana kanta, abin da ke sosa ran duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami.

Wani zai ce ai wannan duk shafa mai ne a kan gyambo, hukuma ce ke son a ga yara suna rawa don a ce lafiya lau. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A Disambar 1942 sojoji sun buɗe wuta kan masu zanga-zanga a sansanin, mutum biyu suka mutu, ɗayansu ɗan shekara 17. Amma a ganina wanda ya tsaya a nan bai dubi abin ta idon yaron ba. Yaron da aka ɗaura wa lamba a wuyan riga ranar da aka kwashe su, ya ga mahaifinsa ya rasa gona ko kanti, yana cin abinci a layi, ba shi da ko ɗakin da zai kaɗaita, shi ne aka ce masa: kai ne edita, ranar kaza muke son labarin. Ko kuma: ke ce za ki buɗe fage, idan kika makara kowa ya tsaya. Wannan nauyi da aka ɗora masa shi ya mayar masa da sunansa. Ya sake zama wanda ake jira, wanda rashinsa ke ɓata aiki.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne kundin ƙarshen shekara na makarantar. Na 1944 sunansa Our World. Hotunan ciki Toyo Miyatake ne ya ɗauka, ƙwararren mai hoto daga Los Angeles da ya shigo da gilashin kyamara a ɓoye, wani kafinta ya haɗa masa akwatin katako. Da asiri ya tonu, shugaban sansanin Ralph Merritt ya bar shi ya ci gaba, da sharaɗin farar fata ne zai riƙa danna maɓallin. Daga baya aka janye sharaɗin. Mai buɗe kundin zai ga 'yan mata da gyararren gashi da samari suna murmushi. A kundin da ya biyo baya kuwa, Valediction na 1945, ɗaliban sun sa hoton hannu riƙe da filaya a kan waya mai ƙaya, hasumiyar gadi na sama. Abin da ba su da damar rubutawa ɓaro-ɓaro, sun faɗe shi da hoto guda.

Akwai kuma Ralph Lazo, wanda ba shi da jinin Japan ko kaɗan. Asalin iyayensa Meziko ne da Ayalan. Ya ga ana kwashe abokan karatunsa, sai ya bi su don kansa, ya zauna a tsare tare da su, har 'yan ajinsu suka zaɓe shi shugaba. Ya gama a 1944, aka ɗauke shi soja.

Ba na iya karanta wannan tarihi ban tuna Borno ba, inda aka rufe makarantun sakandare a Maris na 2014, daga baya da yawa a Maiduguri suka koma matsugunin 'yan gudun hijira. Dalilan sun sha bamban, namu yaran bindigar 'yan ta'adda suka guje wa. Sai dai idan ana lissafin farfaɗo da makaranta, azuzuwa da benci da malamai ake ƙirgawa, da wuya ka ji an ambaci allon da 'yan ƙungiyar jarida ke manna labarai, ko ɗan filin da 'yan dirama ke atisaye bayan la'asar.

An rufe Manzanar a Nuwambar 1945, kowa ya fita da dala 25 da tikitin jirgin ƙasa ko na mota. Sai a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara, ta amince da biyan dala 20,000 ga kowane wanda ya rage a raye. An kwashe ɗakunan katakon tuni, amma zauren nan ya tsira. Ya yi shekaru yana garejin motocin gyaran hanya na ƙaramar hukuma, kafin a gyara shi a buɗe a 2004 a matsayin gidan tarihin sansanin.