Daga ramin dara zuwa allon waya: Yadda injin wasa ke neman hukunci wajen Lua

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan dara a gindin bishiya, a Zermu ko a unguwar Birni cikin Damagaram, ya san gardama ba ta ƙarewa. Ramuka 30 ne, kowa na da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Amma da baƙo ya zauna sai a ji musu: a garinsu ba haka ake ci ba.

Matashin da ke son mayar da dara wasan waya zai gamu da wannan gardamar. Dokar wane gari zai saka? In ya saka ta Damagaram, mutumin Maraɗi ya yi ƙorafi, sai ya sake gina manhajar daga tushe? Masu ƙera wasannin kwamfuta sun daɗe da samun mafita: raba aikin gida biyu.

Inji daban, alƙali daban

Ɓangare na farko shi ne injin wasan, wanda galibi ake rubutawa da harshen C ko C++. Shi ke zana hoto, ya fitar da sauti, ya gane inda yatsa ya taɓa. Yana da sauri, sai dai duk gyaran da aka yi masa sai an sake juya shi zuwa harshen na'ura kafin ya tashi.

Na biyu shi ne dokokin wasan, waɗanda ake rubutawa da ƙaramin harshe da aka dasa cikin injin. Wanda ya yi fice a nan shi ne Lua. Dokokin na zaune a fayil na rubutu zalla, ana gyara shi ba a taɓa injin ba.

An ƙirƙiro Lua a 1993 a jami'ar PUC-Rio da ke Rio de Janeiro a Brazil, a hannun Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes. Sunan na nufin "wata" da harshen Fotugal. Daga 1977 zuwa 1992 Brazil ta tsaurara shigo da kwamfutoci da manhajoji daga waje, lamarin da ya tilasta wa cibiyarsu ta Tecgraf ƙera kayan aikinta da kanta, ciki har da na ayyukan da take yi wa kamfanin mai na Petrobras. Daga baya masu wasanni suka rungume shi: Grim Fandango a 1998, sai World of Warcraft da Angry Birds. Harshen Luau na Roblox ma daga jikinsa ya fito.

Yadda ake kiran

A ce mai wasa ya matsar da ɗansa daga rami na 8 zuwa na 9. Injin ya ga motsin, amma bai san ko ya halatta ba. A fayil ɗin Lua akwai wani guntun aiki da aka raɗa wa suna, a ce `ya_halatta`, kuma shi za a tambaya.

Harsunan biyu ba sa miƙa wa juna kaya hannu da hannu, domin kowanne da yadda yake ajiyar bayanai: Lua na share abin da ya gama amfani da shi da kansa, a C kuwa sai mai rubutu ya share. Don haka suna haɗuwa ne a wani tari, kamar jerin kwanuka, na ƙarshen ɗorawa shi ne a sama.

Da farko injin zai kira `lua_getglobal` ya ɗora aikin a kan tarin. Sai ya ɗora lambobin ramukan biyu da `lua_pushinteger`. Daga nan ya kira `lua_pcall`, ya shaida masa cewa ya ba da abu 2, yana jiran amsa 1. Lua ya kwashe su, ya yanke hukunci, ya ajiye amsar a saman tarin. Injin ya karanta da `lua_toboolean`, sannan ya sauke ta da `lua_pop`.

Gobe in ana son dokar Maraɗi ko ta Katsina, sabon fayil kawai za a rubuta.

Inda ake tuntuɓe

Wanda ya manta sauke amsa, tarin zai yi ta tsawo har wasan ya rikice bayan an jima ana bugawa. Wanda ya yi amfani da `lua_call` ba tare da kariya ba, kuskure ɗaya a fayil ɗin dokoki na iya rufe wasan baki ɗaya, alhali `lua_pcall` kan kama kuskuren ya dawo da bayaninsa. Akwai kuma rikicin ƙidaya: C daga 0 yake farawa, jerin Lua bisa al'ada daga 1, saboda haka ramin farko a wajen wannan ba shi ne na farko a wajen wancan ba.

Sauri ma abin lura ne. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ba shi da lokacin ɓatawa, kuma kowane kira na cin nasa rabo. Shi ya sa ake bar wa C aiki mai nauyi, a bar wa Lua hukunci.

Abin da ya rage wa matasa

Lua kyauta ne, lasisinsa ya yarda a sayar da abin da aka gina da shi, kuma girmansa bai kai na hoto ɗaya da wayar zamani ke ɗauka ba. Tsohuwar kwamfuta ta isa. Ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ba sai ya ƙera inji ba, domin akwai irin su LÖVE da Defold da ake saukewa kyauta, duka da Lua ake sarrafa su. Babban cikas shi ne yawancin littattafan koyo da Turancin Ingilishi suke.

Rabon aikin ya kuma dace da 'yan ci-rani. Wanda ke Faransa ko Kano na iya riƙe injin, na gida ya zauna da dattawan dara ya rubuta dokokin yadda suke buga su. Injin ana samunsa ko'ina, amma yadda ake cin dara a Zermu sai an je gindin bishiyar an tambaya.