Wasannin Japon da suka shigo mana ta bayan gida

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Gidan Sori ko Gidan Rumji cikin shekarun 1990, kuma ya taɓa zuwa hutun lakwal gidan ɗan'uwa ma'aikaci a Maraɗi, mai yiwuwa ne ya ga wata ƴar na'ura da ake jonawa da telebijin, a cusa mata kaset ruwan ɗorawa. Yara ba su damu da sanin asalinta ba. To amma labarinta ya shafi ƴan kasuwa da iyayen yara har yau.

A ran 15 ga watan Yuli na 1983 ne kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a ƙasar Japon, a kan kuɗi yen 14.800. A 1985 ya kai ta Amurka da sunan NES, bayan ya canza mata siffa, ya kuma sa mata wani makulli na lantarki da ke hana kaset ɗin jabu aiki. Ita kuwa ta Japon ba ta da wannan makulli. Saboda haka masana'antun Taiwan da na Sin suka kwaikwayi ta Japon, suka cika kasuwannin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da ita, daga Rasha har Najeriya, inda kantunan Kano suka zama masaya ga fataken yankinmu. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi da rabi a watan Janairu na 1994, kayan asali suka ƙara nisa da aljihun ma'aikaci, sai jabun ta samu fili.

Nan abin mamakin yake. Wasannin da suka cika waɗannan kaset, da yawansu ba a sayar da su a kan NES a Amurka ba a zamaninsu. Akwai Battle City na kamfanin Namco, na 1985, inda mutum biyu ke tuƙa tankokin yaƙi suna tsaron wata mikiya cikin matakai 35. Akwai Circus Charlie, mai hawa zaki yana tsallake zobban wuta, da Yie Ar Kung-Fu na ƴan dambe. Dalilin zaɓensu kuwa ƙanƙanta ce: wasannin farko ba su da nauyi, ana iya tara da dama cikin kaset guda. Ta haka yaron Kano ko na Maraɗi ya san abin da takwaransa na Amurka bai sani ba.

Sai dai araha ba ta ado. Kaset ɗin da aka rubuta wa «999999 in 1» wasanni kaɗan ne cikinsa, ana ta maimaita su da sabon suna ko daga wani mataki dabam. Magidancin da ya biya kuɗin dubbai, ƴan ƙalilan ya kai gida.

Kamfanin Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003, ya daina gyaranta a 2007. Yanzu ta zama kayan tarihi da masu tarawa ke nema a kantunan unguwar Akihabara ta birnin Tokyo, kuma ta asalin ce ke da daraja a wurinsu. Ɗan kasuwar da ya ci karo da ita cikin kayan gwanjo ya duba alamu: launinta fari da ja, lambarta HVC-001, abin dannawa biyu liƙe da jikinta, na biyun da ɗan makirfo. Kaset ɗinta haƙora 60 gare shi, na Amurka 72, ba sa shiga juna.

Ya kuma kiyaye da wuta. A Japon ƙarfin lantarki bolt 100 ne, namu kuwa 220. Wanda ya jona na'urar da wayarta ta asali ba tare da taransifoma ba, zai iya ƙona ta. Tsarin hotonta ma, wato NTSC, ba kowace tsohuwar telebijin ke karɓarsa ba. Mai saye ya nemi a kunna masa ita a kanti, ya ƙirga wasannin da idonsa kafin ya fitar da kuɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.