Da wane mudu ake awon kyau?

A kasuwar Agadas, hatsi da tiya ake awonsa. Yadi da kamu, igiyar rijiya da gaba. To, kyau fa, da me ake awonsa? Wani ya ce: « Kyau ba ya da mudu, kowa da idonsa. » Amma akwai masana da suka gwada.

Murjanin gaske da mata suke ɗaurawa a wuya, daga teku yake fitowa. Wasu ƴan ƙananan halittu ne suke gina shi a hankali, kamar yadda gara take gina suri. A tekunan ƙasashe masu zafi, dangin murjani suna taruwa su zama duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma yana gefen Ostaraliya, tsawonsa ya kai kilomita 2300. Kifaye iri-iri suna samun abinci da maɓoya a ciki. In ruwan teku ya yi zafi da yawa, sai murjani ya koɗe ya yi fari. In zafin ya daɗe, sai ya mutu.

A shekara ta 2022, masanan jami'ar Mompeliye ta Faransa da abokan aikinsu sun bayyana sakamakon wani bincike. Sun tara hotuna 481 na kifayen murjani. Mutane wajen dubu 13 suka duba. Ana nuna wa mutum hoto biyu, ya zaɓi wanda ya fi masa kyau. Kifin da aka fi zaɓa, shi ke samun maki mai yawa. Masu launi mai haske da jiki zagayayye su suka zo a gaba. Dogaye masu launin toka suka zo a baya.

Daga nan aka gane wani abu. Kifayen nan marasa kyau su ne aka fi kamawa don ci, kuma a cikinsu aka fi samun masu shirin ƙarewa. Ga shi kuwa abin da mutane suke sha'awa, shi suke saurin karewa.

Nijar ba ta da teku, amma maganar ta shafe ta. A 1988 gwamnati ta keɓe wani yanki na duwatsun Azbin da hamadar Tenere, wajen murabba'in kilomita dubu 77. Garin Iferwan yana cikinsa. A 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne kyan wurin: baƙaƙen duwatsu, tuddan rairayi masu tsawo, da koramu masu itatuwa. Akwai kuma barewa da ragon dutsi. A 1992, lokacin tawaye, aka sa yankin cikin wuraren da ke cikin haɗari. Mafarauta suka yi ɓarna, har jiminu suka ɓace daga dajin.

Kyau yana jawo baƙi da taimako, wannan gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Ba a yi wa ungulu kirarin kyau, amma ita ke share mushe kafin ya jawo cuta. Itacen ƙaya ba ya burge kowa, amma shi ke ciyar da raƙumi da akuya da rani. In aka tsare masu kyau kawai, aka bar saura, dajin ba zai tsaya ba.

Tambayoyi

1. Me ke sa murjani ya yi fari?
2. Yaya masanan suka auna kyan kifaye?
3. A wace shekara aka keɓe yankin Azbin da Tenere?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zana dabba ɗaya. A nuna zane biyu-biyu, a ƙidaya masu zaɓen kowanne. Dabbar da ta zo a baya, a faɗi amfaninta.