Narkakken Cakulan Don Walimar Ranar Rabo

Ranar rabo ita ce ranar da kowace 'yar ƙungiya take ɗoki. Wata tara zuwa shekara guda ana zubi, ana karɓar rance ana biya, sannan a buɗe akwati a gaban kowa, a ƙirga, kowacce ta karɓi nata. Bayan an rufe lissafi an yi addu'a, yawancin ƙungiyoyi sukan yi 'yar walima. Tambayar da nake yawan sha a wurin horo ita ce: "Malama, me za mu yi wanda ba shinkafa da zoɓo ba, kuma ba zai cinye mana riba ba?"

A wannan babi zan bayyana wani abin marmari da ake ci a kwano ɗaya: a narka cakulan da madara, kowa ta soke yankan ayaba ko dabino da tsinke, ta tsoma ta ci. Ba shi da wuya, amma kayansa da tsada, kuma abu biyu ne ke lalata shi nan take, wato ruwa da wuta mai yawa. Don haka zan fara da asalinsa, sai lissafin kuɗi, sannan mu shiga kicin.

Daga ina ya fito?

Sunansa fondu, kalmar Faransanci ce mai nufin abin da aka narka. Asalin fondu abincin mutanen Suwizalan ne. Sukan narka cuku a tukunya ɗaya, iyali su kewaye ta, kowa yana tsoma gutsuren burodi da dogon cokali mai yatsu. Na cakulan daga baya ya zo. A shekarun 1960 wani ɗan Suwizalan mai suna Konrad Egli, mai gidan abinci na Chalet Suisse a birnin Niyok na Amurka, ya narka cakulan ɗin Toblerone da kirim, ya kawo wa baƙinsa a matsayin abin zaƙi na bayan abinci. Daga nan ya bazu.

Akwai abin lura a nan. Na cukun da giya ake haɗa shi, kuma da yawa daga cikin girke-girken na cakulan da za ku gani a waya suna cewa a ɗiga giya. Ba a buƙatarta ko kaɗan, madara ta wadatar. Haka kuma idan za ku sayi cakulan, a sa wadda ta iya karatu ta duba bayan takardar, domin akwai masu giya a ciki.

Shi cakulan daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa. Ba kokon da muke sha da ƙosai ba, wannan bishiya ce ta kurmi. Mafi yawan kokon duniya a Afirka ta Yamma ake noma shi: Kodebuwa ce kan gaba, sai Gana, ga kuma Najeriya da Kamaru cikin manyan masu nomansa. A Najeriya jihar Ondo ce ta fi shahara da shi. Duk da haka cakulan yana da tsada a kasuwanninmu, saboda yawancin kokon ɗanye ake fitar da shi, a sarrafa a waje a dawo mana da shi. A 2024 kuma, bayan amfanin gona ya yi ƙaranci a Gana da Kodebuwa, farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. Wannan shi ya sa nake cewa a yi lissafi kafin a ɗora tukunya.

Lissafi kafin girki

Ƙa'ida ta farko: kuɗin walima ba ya fitowa daga asusun taimakon juna. Wannan asusu na rashin lafiya ne, da rasuwa, da gobara. Ranar da aka taɓa shi don cakulan, gobe za a taɓa shi don anko, kuma ranar da wata ta kwana a asibiti da ɗanta za a buɗe jaka a tarar babu komai. Haka nan ba a ɗiba daga kuɗin rabo kafin a raba, domin hannun jarin kowa ba ɗaya ba ne, mai yawa za ta ga an ci nata fiye da na saura.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce karo-karo na daban. Saura mako huɗu a yi rabo, a kawo maganar a taro a kaɗa ƙuri'a. Idan an amince, a tura mata biyu kasuwa su tambayo farashi, ba su sayo ba tukuna. Su kawo jimilla, a raba da yawan 'yan ƙungiya. Misali, a ce kayan duka sun kama naira 20,000 kuma ku 25 ne, kowacce naira 800 ke nan, wato naira 200 a kowane mako har mako huɗu. Magatakarda ta rubuta a shafi na daban, ma'aji ta ajiye a jaka ta daban. Idan kuɗin ya yi wa wasu nauyi, a koma hanya mai sauƙi da zan kawo a ƙasa, ko a rage yawan kayan tsomawa. Daidai ruwa daidai tsaki. Kada walima ta sa wata ta ji kunyar zuwa karɓar kuɗinta.

Kayan haɗi

Ga ma'aunin mutum 8 zuwa 10:

- cakulan, giram 400
- madarar ruwa ta gwangwani, ƙaramin gwangwani 1, da wani a ajiye kusa
- bota, babban cokali 2
- gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka

Idan ku 25 ne, ku ninka sau uku: cakulan kilo 1 da giram 200, madara gwangwani 3, bota cokali 6. A asali kirim ake sawa, amma yana da tsada kuma yana son firij, shi ya sa na maye gurbinsa da madarar gwangwani da bota.

Kada ku sayi ƙananan cakulan na kanti masu biskit ko alewa a ciki, ba sa narkewa sumul kuma sun fi tsada idan aka auna. Ku je shagon masu sayar da kayan kek, ku nemi cakulan na dunƙule da ake aunawa. Iri biyu ne. Akwai mai man koko, ya fi daɗi ya fi tsada. Akwai wanda aka yi da man tsirrai a madadin man koko, ya fi arha kuma ya fi haƙuri da zafi. Ga walimar ƙungiya, na biyun ya isa.

Hanya mai sauƙi kuwa ba ta buƙatar cakulan ɗin ma. A sami garin koko zalla kofi 1, sukari kofi 1, madara gwangwani 1, ruwa rabin gwangwani, da bota cokali 3. A gauraya garin da sukarin a bushe tukuna don kada ya yi gudaji, a zuba madara da ruwa a dama, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 5, sannan a sa bota a sauke. Idan Milo ko Bournvita za a yi amfani da shi, a rage sukari sosai, don da zaƙinsu suke zuwa, kuma ba za su yi kauri kamar garin koko ba.

Yadda ake narkawa

Man koko yana narkewa a zafin da bai ma kai na jikin mutum ba, wajen digiri 34, shi ya sa cakulan ke narkewa a baki da a tafin hannu. Abin da ɗumin hannu ke narkawa ba ya buƙatar harshen wuta. Idan aka ɗora shi kai-tsaye a kan gawayi ko risho, ƙasan zai kama, ya yi ɗaci da ƙauri, kuma wannan ba shi da gyara. Da tururi ake narka shi.

1. Ki yanka cakulan ƙanana kamar girman wake, a kan busasshen faranti.
2. Ki zuba ruwa a tukunya, zurfinsa kamar faɗin yatsu biyu. Idan ya tafasa ki rage wuta, in gawayi ne ki janye rabi.
3. Ki ɗora kwanon silba a bakin tukunyar. Ya zauna daram ya rufe bakin, gindinsa kuma kada ya taɓa ruwan.
4. Ki fara zuba madara da bota a kwanon, su yi zafi amma kada su tafasa.
5. Ki zuba cakulan, ki bar shi minti 2 ba tare da kin taɓa ba, sannan ki juya a hankali daga tsakiya har ya haɗe yana sheƙi.
6. Ki sa gishirin. Mai so tana iya ƙara ɗan garin kirfa ko citta.

Idan kika tsoma cokali kika ɗago, ya rufe bayan cokalin yana zuba a hankali, to ya yi. In ya yi kauri, ki ƙara madara mai ɗumi cokali-cokali.

Me ya sa na ce madara a fara zubawa? Cakulan busasshen abu ne, garin koko ne da sukari a cikin mai. Idan ɗigon ruwa kaɗan ya faɗa cikin narkakken cakulan zalla, sukarin zai jiƙe ya manne da juna, ya dunƙule kamar garin dambu da aka yayyafa wa ruwa. Amma idan ruwan yana da yawa tun farko, sai ya saki kamar kunu. Saboda haka a guji jiƙaƙƙen cokali, a guji rufe kwanon da murfi don guminsa zai ɗiga ciki, a kuma guji muciyar tuwo, tana riƙe laima da ƙamshin miya. Idan kuma ya riga ya dunƙule, kada a zubar. A sauke, a riƙa zuba madara mai zafi cokali ɗaya-ɗaya ana bugawa, zai saki.

Shawarata ita ce, mako guda kafin ranar, wadda za ta yi girkin ta gwada da giram 100 a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gara a koya a kan giram 100 da a koya a kan kilo guda na kuɗin jama'a.

Abin tsomawa

Ayaba, abarba, tuffa, mangwaro mai ƙarfi, dabino da aka cire wa ƙwallo, burodi, biskit, cincin manya da fanke duk suna tafiya da shi. A lissafa wa kowa yanka 8 zuwa 10, girman loma ɗaya. Ga mutum 25, ayaba 12, abarba 2, dabino 50 da burodi babba 2 za su isa. Kankana da lemun zaƙi ruwansu ya yi yawa, a ajiye su gefe a sha daban.

A wanke 'ya'yan itatuwa da ruwa mai tsabta kafin a fere, a yanka, a tsane su da tsumma mai tsabta. Ayaba da tuffa suna baƙi idan sun sha iska, don haka a yanka su daf da ci, a ɗiga musu lemun tsami. Farar alewar nan mai laushi kamar auduga da ake gani a hotunan fondu, sau da yawa da sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin alade ake yin ta. Idan babu shaidar halal a jikin ledar, a bar ta.

Wajen ci

Kwano ɗaya ba zai ishi hannu 25 ba. A raba cakulan kwano uku, mata takwas ko tara a kowanne. A zaunar da kowane kwano a cikin kula ko babbar tasa mai ruwan zafi don kada ya daskare, a sauya ruwan idan ya huce. A nisanta ruwan zafin daga masu goyo da yara masu rarrafe.

Kowa ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauki tsinken tsire sabo da ɗan faranti. Dokar ɗaya ce, kuma shugaba ta faɗe ta da dariya tun kafin a fara: abin da ya taɓa baki ba ya komawa kwano. A tsoma sau ɗaya, a sauke a faranti, a ci da hannu ko da wani tsinken. Tari da mura ta nan suke zagaya ƙungiya.

Tunda da madara a ciki, kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin bazara kuwa awa 1. Ragowar da aka riga aka tsoma a ciki ba a kai wa yara gida. Masu ciwon suga a ware musu 'ya'yan itace ba tare da an tsoma ba, kada a matsa musu da "ɗanɗana mana, Hajiya, ɗaya ne kawai." A tambaya kuma ko akwai wadda gyaɗa ko madara ba ta karɓe ta ba, domin wasu cakulan da gyaɗa ko dangoginta a ciki.

In kina tunanin sana'a

Na san wata za ta ce, "Ai wannan zai karɓu a wajen suna da kamu." Zai iya, musamman a cikin gari. Amma kada ki karɓi rancen ƙungiya a kansa sai kin yi abu uku. Ki rubuta kuɗin komai, har da gawayi, tsinke, leda da kuɗin mota. Ki gwada sau biyu ko uku da kuɗinki a ƙaramin taro. Sannan ki riƙa karɓar kafin alƙalami daga mai biki kafin ki sayi kaya, domin wannan ba hajar da ake ajiyewa a jira mai saye ba ce, wanda aka narka aka yanka ranar yake ƙarewa, rance kuwa yana nan yana jiran ranar biya.

Bayan walima, magatakarda ta karanta abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban kowa, kamar yadda ake yi wa kowane kuɗi na ƙungiya. In an yi rara, ko naira 100 ce, taro ne zai yanke inda za ta. Allah ya sa albarka a zubinmu, ya kai mu rabon baɗi lafiya.