Kuntigi Ko Gambarar Zamani: Wa Ya Fi Azanci?

KEFFI: A teburan masu shayi na kusa da Jami'ar Jihar Nasarawa, gardama ba ta ƙarewa a kan wa ya fi gwanintar harshe, mawaƙan dauri ko 'yan gambarar zamani.

Dattawa suna kafa hujja da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya bayyana wahalar karen mota, har talaka ya ga kansa cikin waƙar. Mamman Shata kuwa, da ya rasu a 1999, nan take yakan ƙaga waƙa ba da rubutu ba.

Samari sai su kawo ClassiQ da DJ AB, masu jera amsa-amo da sauri kamar ba sa numfashi.

To, amma fa sauri ba shi ne azanci ba. Baitin da aka cika da Turanci, 'yar kasuwar Keffi ba za ta riƙe shi ba. Lalle duk mawaƙin da ke so a tuna da shi bayan ransa, tilas ya yi maganar da talaka zai maimaita.