Idan Rumbun Kwamfuta Ya Cika

Duk wanda ya ga ambaliyar da ta afka wa Yagoua a 2012, da kuma ta 2024, ya san takarda ba ta jure ruwa. Shi ya sa muke ba ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa shawara su ajiye lissafinsu a sabar ta haya, wato wani yanki na babbar kwamfuta da ke can nesa, wanda ake biya wata-wata. To, amma ita ma wannan rumbu ce, kuma rumbu yakan cika. In ta cika, sabon lissafi ba ya shiga, wani lokaci ma shafin ya tsaya cak.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, sai mutum ya biya a ƙara masa faifai daga gigabait 20 zuwa 40, ya duba ya ga har yanzu 20 ɗin ne. Ba cutarsa aka yi ba. Manomin shinkafa a filayen SEMRY zai gane wannan: in an ƙara maka fili, ba ka matsar da kunyar fangali ba, ruwa ba zai kai sabon wurin ba.

A Linux aikin hawa-hawa ne. Da farko a duba da lsblk a tabbata faifan ya ƙaru. Sai a faɗaɗa kason da growpart, sannan a miƙa tsarin fayil ya cike wurin: resize2fs in ext4 ne, xfs_growfs in XFS ne. Galibi ba sai an kashe sabar ba. Sai dai dole sararin da aka ƙara ya kasance dab da kason. In wani kaso ya shiga tsakani, sai an kawar da shi tukuna, kuma a nan ne masu gaggawa kan yi ɓarna. Tsohon tsarin MBR kuma ba ya wuce terabait 2.

Mu dai ba ma taɓa komai sai mun kwafe bayanan zuwa wani wuri dabam, mun kuma buɗe kwafin mun ga yana aiki. A kuma yi lissafi kafin a saya, domin yawancin kamfanonin haya ba sa mayar da faifai ƙarami bayan an ƙara, kuɗin wata kuwa ya riga ya hau.